Ƙwayar da ke sa tsami ya koma zaƙi a baki

Duk wanda ya shiga kasuwar Maigatari ranar Alhamis bayan kaka, ko da cinikin shanu ko raƙuma ya kawo shi, sai idonsa ya faɗa kan buhunan zoɓo. Daga ƙauyukan Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar ake kawo shi, wani kuma ya tsallako iyaka daga wajen Dungas da Magarya. A auna, a ɗinke, a loda a manyan motoci zuwa Kano da Legas, daga can jirgin ruwa ya kai mafi yawansa Mekziko, inda suke jiƙa shi su sha da sanyi kamar yadda muke yi. Mai shan zoɓo a can da mai shan sa a Gumel matsalarsu ɗaya: ba ya shawuwa sai an zuba masa sukari, kuma ba kaɗan ba.

Abincinmu ma dai na masu son tsami ne. Kunun tsamiya a buɗa-baki, koko da safe, fura da nonon da ya kwana, miyar yakuwa, kwalba da nono, ga tsada da ɗanya da yara ke tsinka a daji suna yamutsa fuska. Iyayenmu mata sun daɗe da dabaru biyu na shawo kansa. Ɗaya ita ce a kashe shi: a jefa 'yar kanwa ko ruwan toka a tukunyar yakuwa, ta yi kumfa, tsamin ya faɗi, domin kanwa tana cinye sinadarin tsamin ne a cikin miyar kanta. Ɗayar kuwa a rufe shi da sukari ko zuma ko mazarƙwaila, yana nan daram amma zaƙi ya fi ƙarfinsa. Akwai dabara ta uku da mutanen kurmi suka sani tun kaka da kakanni, wadda ba ta taɓa abincin ko kaɗan. Harshen mai ci take juyawa.

Wani ɗan itace ne ja, dogo-dogo, bai fi gaɓar yatsa ba, da ƙwallo guda a ciki da ɗan nama kaɗan. Yarbawa na ce masa agbayun, masana tsirrai kuma Synsepalum dulcificum. Asalinsa dazuzzukan Afirka ta Yamma ne masu ruwa, daga Gana da Togo da Binin da kudancin Nijeriya har zuwa Kwango. Shi kansa ba shi da wani zaƙin kirki. Amma idan aka tsotse namansa ya game harshe, duk abu mai tsami da ya biyo baya sai a ji shi zaƙi. Wani matuƙin jirgin ruwa Bafaranshe, Chevalier des Marchais, ya ga mutanen gaɓar tekun nan suna tauna shi kafin cin abinci a 1725. A 1852 wani likitan sojan Ingila da ya yi aiki a Gana ta yanzu, William Daniell, ya rubuta yadda ake cin sa kafin dokunun masara mai tsami, da yadda mashaya ke gyara bammin da ya yi tsami da shi.

To me ya hana shi zuwa Arewa? Fatakenmu sun yi ɗaruruwan shekaru suna zuwa Gwanja, suna saro goro a Salaga, goron da ke fitowa daga dajin da wannan ɗan itace yake. A ganina amsar tana ga jurewar hanya. Goro idan aka naɗe shi da ganye ana yayyafa masa ruwa, sai ya yi watanni a bayan jaki. Agbayun kuwa kwana biyu zuwa uku bayan an tsinke shi ya fara lalacewa, ƙarfinsa ya tafi. Wannan rashin jurewa ne ya sa yau ake niƙa namansa, a busar da shi cikin sanyi, a matse shi ya zama 'yan ƙwayoyi irin na magani, a jera a kati. Taiwan ta yi fice wajen haɗa su, ana kuma noma itacen a Gana da jihar Filorida ta Amurka. A 2008 jaridar New York Times ta ba da labarin liyafar da 'yan birni ke shiryawa don kawai su tsotsi ɗan itacen su bi shi da lemon tsami suna dariya, daga nan kasuwarsa ta buɗe a intanet.

Gwada ƙwayar ba wuya, sai dai da yawa kan ɓata ta tun farko, su haɗiye da ruwa kamar farasitamol, su ce ƙarya ce. Ɗora ta ake yi a kan harshe, ana jujjuya ta gaba da baya da gefe-gefe har ta narke ƙaf, abin da kan ɗauki minti ɗaya zuwa biyu. Ɗanɗanonta lami ne, da ɗan gari-gari. Sai a yanka lemon tsami a kai baki. A nan abin dariyar yake: mutum ya riga ya runtse ido, ya tattare goshi, kafaɗunsa sun ɗaga suna jiran abin da suka saba, sai ya ji ruwan zaƙi ya cika masa baki. Zai buɗe ido ya dubi ɓawon lemon da ke hannunsa, ya sake lasa. Tsamin bai ɓace gaba ɗaya ba, ana jin sa can ƙasa, amma zaƙi ya danne shi. Jiƙon zoɓo da ba a sa wa komai ba sai ya fito kamar an zuba masa sukari cokali da yawa. Tsamiya ta zama alewa. Nonon da ya yi tsami har mai fura ta rage masa kuɗi sai ya shawu salin-alin.

Ba kowane abu ƙwayar take gyarawa ba. Ɗaci bai san da zamanta ba: goro da gauta da shuwaka suna nan yadda suke. Yajin barkono ma haka. Ruwa zalla ba ya canzawa. Wani abincin kuma ɓata shi take yi, don duk miyar da ke da tumatir ko yakuwa za ta ɗauko wani zaƙi-zaƙi mara kan gado, kuma ban san Bahaushen da zai so tuwon dawa da miya mai zaƙi ba. Idan kuwa an riga an kashe tsamin da kanwa, ƙwayar ba ta da abin da za ta yi aiki da shi. Zafi ma abokin gabanta ne. Shayi mai tururi ko koko daga kan wuta zai lalata abin da ya manne a harshe, sai dai a bari ya huce.

Sai a 1968 aka gano sirrin. Masana biyu a Jami'ar Jihar Filorida, Kenzo Kurihara da Lloyd Beidler, suka ware sinadarin da ke wannan aiki, a shekarar kuma wasu masu bincike na kamfanin Unilever a Holan suka ware shi daban, suka raɗa masa suna mirakulin. Furotin ne, dangin abin da ke cikin ƙwai da nama, shi ya sa wuta ke dafa shi ya mutu. Yadda yake aiki kuwa sai a 2011 wata tawaga a Jami'ar Tokyo ƙarƙashin Keiko Abe ta fayyace shi.

A kan harshe akwai wasu 'yan mitsi-mitsin kafofi da ke gane zaƙi, su ne ke aika wa ƙwaƙwalwa saƙo idan sukari ya taɓa su. Mirakulin yana zuwa ya manne a kan waɗannan kafofi, ya yi shiru. Kamar baƙo ne da ya kwanta barci a jikin ƙyaure: muddin yana barci ba wanda ya san yana nan, amma da zarar an watsa masa ruwan tsami sai ya zabura ya buga ƙyauren, na cikin gida su ce sukari ne ya iso. Abin da ke faruwa shi ne tsami yana canza siffar furotin ɗin, sabuwar siffar ta danna kafar zaƙi. Da miyau ya wanke tsamin sai ya koma ya lafa, a sake kurɓa ya sake tashi. Haka za a yi ta yi har miyau ya kankare shi baki ɗaya, daga kamar minti ashirin zuwa awa guda, wani ma ya ɗan zarce.

A nan ne ya kamata mai karatu ya natsu. Tun da harshe kawai aka ruɗa, tsamin da aka haɗiye tsami ne cikakke. Haƙori bai ruɗu ba, ciki ma bai ruɗu ba. A ma'aunin pH, wanda ƙanƙantar lamba ke nuna ƙarfin tsami, farin rufin haƙori yakan fara zaizayewa idan aka sauko ƙasa da 5.5, ruwan lemon tsami kuwa yana wajen 2 ne. Yamutsa fuskar nan da muke yi gargaɗi ne da Allah ya sa mana a baki don kada mu wuce gona da iri. Wanda ya kashe gargaɗin ya zauna ya shanye lemon tsami biyar yana murna, zai tashi da haƙora a mace, leɓe na zafi, ƙwannafi na taso masa. Mai gyambon ciki bai kamata ya shiga wannan wasa ba. Wanda ya gwada kuma ya kuskure baki da ruwa, ya ɗan jinkirta asuwaki ko buroshi, don goge haƙori nan take bayan tsami ƙara cin sa yake yi.

Inda maganar ke da nauyi shi ne wajen masu ciwon sukari, waɗanda yanzu da wuya ka sami zuri'ar da babu ko ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sukarin da babba zai ƙara a abincinsa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da yake samu a yini, wato kimanin giram 50, cokalin shayi 12. Kofi biyu na zoɓon biki na iya cinye wannan kaso. Dattijon da likita ya hana sukari, yana kallon jikoki na shan zoɓo a azumi, wannan ƙwaya na iya ba shi daɗin baki ba tare da ta ƙara masa sukari a jini ba, domin zoɓo zalla kusan ba shi da komai na sukari. Amma kunu da koko da fura lissafinsu daban. Gero ne, gero kuma idan ya narke a ciki sukari yake komawa, ko an zuba na kanti ko ba a zuba ba. Ita kanta tsamiya tana da sukarinta mai yawa da tsami ya ɓoye. Ƙwayar ba ta rage ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ina faɗar haka ne don na san halin kasuwanninmu: ranar da ta wadata, masu tallar magani da lasifika a kan mota za su ce tana warkar da ciwon sukari. Gwaje-gwajen da aka yi kan ɓeraye ba su kai a ce haka ba, kuma babu hukumar da ta amince da ita a matsayin maganin wannan ciwo. An dai gwada ta a kan wasu masu cutar daji da allurar asibiti ta ɓata musu ɗanɗano har abinci ya fita daga ransu, wasunsu sun ji sauƙin ci, amma mutanen da aka gwada ba su da yawa.

Tarihinta a hannun hukumomi ma akwai ban mamaki. Wani Ba'amurke, Robert Harvey, ya kafa kamfanin Miralin da niyyar fito da alewa da kayan sanyi marasa sukari. Ana dab da fara sayarwa, a 1974, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta ce sai an bi da sinadarin ta dogon gwajin da ake yi wa abubuwan da ake ƙarawa a abinci. Kamfanin ya durƙushe. Harvey ya yi ta zargin akwai hannun masu masana'antar sukari, zargin da ba a taɓa tabbatarwa ba. Tarayyar Turai kuwa sai a 2021 ta ba wa wani kamfanin Sifen, Baïa Food, izinin sayar da busasshen ɗan itacen, wanda yake samowa daga Gana, da sharaɗin manya ne za su sha, ban da masu ciki da masu shayarwa. Wannan sharaɗi ya dace mu ma mu riƙe shi, a kuma duba lambar NAFDAC a jikin duk katin da aka miƙo.

Agbayun ba shi kaɗai ba ne a dajin kudu. Ganyen nan mai faɗi da ake ƙunsa alale da shi a ƙasar Yarbawa, 'ya'yan tsironsa na ɗauke da wani furotin, taumatin, wanda ya ninka sukari zaƙi kusan sau 2,000, kuma kamfanonin Turai sun daɗe suna sa shi a cingam da abin sha. Ga ƙasa mai irin waɗannan tsirrai, amma mafi yawan ɗanyen sukarin da matatunmu ke tacewa daga Birazil ake shigo da shi, shekara da shekaru kuma ana ta batun gonar rake da masana'antar sukari a Gagarawa.

Manomin Sule Tankarkar da zai yi sha'awar shuka agbayun, gara ya san ƙasarsa ba ta itacen ba ce. Yana son ƙasa mai tsami, da inuwa, da iska mai laima shekara zagaye, ruwan rijiya mai kanwa-kanwa kuwa kashe shi yake yi. Irinsa ba ya ajiyuwa, da ƙwallon ya bushe ba zai tsiro ba. Ga shi da nawa, sai ya shekara uku zuwa huɗu kafin ya fara 'ya'ya. Masana a Jami'ar Abomey-Calavi ta Jamhuriyar Binin na aiki a kan yadda za a gaggauta girmansa a kuma kare shi, don a dajin ma raguwa yake yi. Tsadar ƙwayar kuma daga busarwa take: shanya a rana irin ta zoɓo tana raunana sinadarin, sai da injin da ke daskarar da naman ya zuƙe ruwansa cikin sanyi, injin da ke buƙatar wutar lantarki ba yankewa na sa'o'i masu yawa. Shi ya sa har yanzu wanda ke son gwadawa a Gumel ko Maigatari sai dai ya yi odar ta intanet da farashin dala, ko ya ba wa mai zuwa kudu sautun ɗanyen ɗan itacen a cikin kula da ƙanƙara.