Girgizar Ƙasa Ba Iri Ɗaya Ba Ce

Da sunan Allah, Mai kafe ƙasa da duwatsu. Bayan haka, masana gini sun tabbatar ba girman girgiza kaɗai ke rushe gida ba, har da irin motsinta. Birane biyu sun isa shaida.

A daren 29 ga Fabrairu 1960, cikin watan azumi, ƙasa ta motsa a Agadir ta Maroko. A ma'aunin masana girgizar matsakaiciya ce, ba ta kuwa wuce sakan 15 ba. Amma tushenta yana kusa, ƙarƙashin garin, sai ta zo da fizga mai kaifi. Gidajen dutse da laka, waɗanda ba su iya tanƙwara, suka zube kan masu su. Mutum wajen 12,000 suka rasu.

Ta birnin Meksiko, ran 19 ga Satumba 1985, dabam take. Tushenta yana can bakin teku, fiye da mil 200 daga birnin. Sai dai an gina tsakiyar birnin bisa tsohon tafki, ƙasarsa yumɓu ce mai taushi. Yumɓun nan ya mai da girgizar lilo, kowane kai da komowa kamar sakan 2, ya kuma daɗe yana yi. Benaye masu hawa 6 zuwa 15 suka fi faɗuwa, alhali tsofaffin gajerun gidaje da yawa suna tsaye.

Dalili kuwa shi ne, kowane gini yana da nasa lokacin lilo: gajere da sauri, dogo a hankali. In motsin ƙasa ya dace da na gini, sai ya zama kamar yaro bisa lilo ana tura shi a kan kari, kowace tura tana ƙara ta baya, har ginshiƙi ya gaza.

Saboda haka mai auna lafiyar gini ba ya tsayawa ga kaurin bango. Tilas ya san ƙasar da ke ƙarƙashi, dutse ce ko yumɓu, da nisan inda girgiza ke tasowa, da saurin motsin da daɗewarsa, sa'an nan ya yanke hukunci. Attajirin da zai sayi bene a ƙasashen girgiza, ya fara tambayar ƙasa kafin fenti.

Ajali na Allah ne, amma ɗaure raƙumi ba ya ɓata tawakkali. Allah Ya kiyaye bayinSa, amin.