Tafiyar Lokoja: Neman Kabarin Kaka

Yau hanya za mu kama. Za mu bi sahun iyalan da kan cika mota da yara da tsofaffi da kulolin abinci da tabarmi, su yi sammako daga Kano ko Zariya, su wuce Kaduna da Abuja, su gangara ta Gwagwalada da Abaji da Koton Ƙarfe, su haye babbar gadar kogin Kwara. Abin da ya fito da su shi ne su tsaya a kan kabarin wani nasu da ya rasu nesa da gida. Zangonmu Lokoja ne, babban birnin jihar Kogi, mahaɗar Kwara da Binuwai, a gindin dutsen Patti.

Me ya kai kaburburan mutanen Arewa can? Amsar tana cikin zuwan Turawa. A Lokoja ne Bature Lugga ya ɗaga tutar Ingila ranar 1 ga Janairu, 1900. Daga nan, sau da yawa sarkin da ya ja da su, ko suka ɓata da shi daga baya, sai su tuɓe shi su kai shi garin da ba shi da dangi, inda maganarsa ba za ta yi tasiri ba. Lokoja na cikin garuruwan da suka zaɓa domin wannan aiki.

Sarkin Zazzau Muhammadu Kwasau, wanda ya hau a 1897, an tuɓe shi a 1902, kuma a Lokoja ya cika a 1907. Sarkin Kano Alu Babba ba ya gari lokacin da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ya tafi Sakkwato. Bayan an kama shi aka kai shi Yola, daga bisani Lokoja, ya zauna can har Allah Ya karɓi ransa a 1926. Ku duba tsawon wannan zama: fiye da shekara ashirin bai sake ganin ganuwar Kano ba. Sai Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, malami kuma marubucin waƙoƙi, wanda ya yi mulki daga 1903 zuwa 1920, aka raba shi da sarauta, ya rasu a Lokoja a 1924. Kaburburansu suna cikin tsohon gari, wajen Kabawa, kuma jikoki da tattaɓa-kunne kan je ziyara har gobe.

To, kabarin sarki ba ya ɓata. An kewaye shi, mutanen unguwa sun san shi, yaro ƙarami ma zai nuna maka. Waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne mutanen da suka bi sarakunan nan. Sarki ba ya tafiya shi kaɗai. Akwai matan aure da kuyangi, akwai barori, akwai malamin da ya ce ba zai rabu da ubangidansa ba, akwai yaron da ya riƙe masa buta. Waɗansu sun komo gida bayan rasuwar sarkin, waɗansu sun yi aure a can sun hayayyafa, waɗansu kuwa ƙasar Lokoja ce ta rufe su, ba allo, ba suna. A gidaje da dama abin da ya rage na labarinsu bai wuce magana ɗaya ba, wadda tsohuwa kan faɗa da dare: kakanku ya bi sarki, bai dawo ba.

Da wannan 'yar magana ake fara nema. Mai neman ba maƙabarta yake fara zuwa ba. Yakan fara da masallacin unguwa, ya yi salla, ya gaisa da liman, ya faɗi daga inda ya fito da sunan wanda yake nema da sana'arsa da laƙabinsa, domin sau da yawa laƙabi ya fi sunan yanka daɗewa a bakin mutane. Liman ya haɗa shi da mai unguwa, mai unguwa ya tura yaro ya raka shi zauren wani dattijo. A nan ake shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa, a fara tone-tonen asali. "Ɗana, wace ƙofa kuka fito a Kano?" "Baba, ta wajen Ƙofar Mata aka ce gidanmu yake." Dattijo ya yi shiru, ya sa a kira tsohuwar cikin gida, domin ita ce ta san wace ce ta auri wane. Wani lokaci a tashi ba a samu komai ba. Wani lokaci kuma a tarar da cewa mutumin da ke zuba maka ruwa a moɗa jininka ne.

Wannan wahala ba ta Lokoja kaɗai ba ce. Ko a garinku, ku gwada neman kabarin wanda ya rasu shekara talatin baya. Kabarinmu tudun ƙasa ne a kan itace ko tukwane. Damina biyu ko uku ta isa ta kwantar da shi. Mutum ya zo da alamar da ya riƙe a ka: daga dalbejiyar nan, ka yi gabas, na biyar a jere. Ya iso ya tarar an sare dalbejiyar, jeren kuma ya zama goma sha. Wanda ya kafa allon ƙarfe ya ga tsatsa ta cinye rubutun, in ma masu jari-bola ba su tuge shi ba. Daga nan sai a koma ga mai gadin maƙabarta ko tsohon mahaƙin kabari, mutanen da ba a cika tunawa da su ba sai ranar jana'iza. Shi ne zai ɗaga sandarsa ya ce, "Alhaji, ba nan ba ne, matso gaba kaɗan, shekarar da aka yi ambaliya muka sa shi kusa da ƙanensa." Rajistar maƙabarta sukutum a kan mutum ɗaya take, kuma ranar da shi ma aka ɗauko shi a makara, ta tafi da shi.

Wani zai ce, ai Musulunci ya hana gina kabari da ƙawata shi, me ya sa za a damu da sanin wurinsa? Hanin gaskiya ne, kuma ba mai neman a yi gini. Amma sa alama daban ne. Lokacin da aka binne sahabi Usman ɗan Maz'un a Baƙi'a, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye a wajen kansa, domin ya gane kabarin, ya kuma riƙa binne iyalinsa kusa da shi. Ziyarar kaburbura ma, bayan an hana ta da farko, shi ya ba da izininta, saboda tana tuna wa mutum lahira. A ganina, unguwar da ta iya tara kuɗin katange maƙabarta ba za ta kasa sayen littafi ba, a rubuta suna da rana da layi, a ajiye wa liman kwafi.

Akwai kuma waɗanda nemansu ya fi na Lokoja nisa. Sarkin Musulmi Attahiru na Farko ya yi shahada a Burmi, cikin jihar Gombe ta yau, a watan Yuli na 1903, tare da ɗaruruwan mabiyansa. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas har Sudan, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogin Nilu. Tsakanin Burmi da can, da kuma kan tsohuwar hanyar maniyyata masu tafiya Makka a ƙasa ta Chadi da Darfur, kaburbura ne birjik waɗanda ba wanda zai iya nunawa. Zuriyar irin waɗannan sai dai su tsaya a filin da aka ce nan ne, su yi addu'a ga kowa da kowa.

Mu koma ga motar nan da ta iso Kabawa da la'asar. An sauko, an yi alwala. Baffa ya shige gaba, yara maza na biye da shi, ana jan kunnensu kada su taka kabari, kada su ɗaga murya. Mata sun tsaya daga bakin katanga, kamar yadda aka saba a gidaje da yawa, suna tasu addu'ar. Aka yi wa mazauna wurin sallama, aka roƙa musu gafara, aka cire ciyawar da ta rufe tudun, aka yi wa mai gadi ihsani. Bayan nan ne yara ke samun nasu rabon: a kai su bakin ruwa su ga inda koguna biyu suka haɗu, su ga kwale-kwale, a saya musu soyayyen kifi, in da sauran rana a hau Patti a hango gari daga sama. A hanyar dawowa tambayoyi ke ɓarkewa. "Kaka, shi ya so ya tafi, ko tilasta masa aka yi?" "Wa ya yi masa wanka?" "Me ya sa ba a dawo da shi gida ba?" Idan tsohuwar tana cikin motar, tana da amsar biyu daga ciki, har ta ƙara da sunan matar da ya bari da goyo. Shi ya sa duk wanda ke shirin irin wannan tafiya, kada ya ce tsofaffi su zauna a gida saboda nisan hanya. A ba su kujerar gaba, a riƙa tsayawa suna miƙe ƙafa, ɗaya daga cikin jikoki kuma ya kunna wayarsa ya naɗi abin da suke faɗa.