Darasin jirgin Diamond Princess: me ya sa kulle fasinjoji a ɗaki bai tsayar da korona ba?

A ranar 3 ga watan Fabrairun 2020, wani katafaren jirgin ruwan yawon shaƙatawa mai suna Diamond Princess ya iso gaɓar birnin Yokohama na ƙasar Japan ɗauke da mutum 3,711, wato fasinjoji 2,666 da ma'aikata 1,045. Hukumomin ƙasar suka ce babu mai sauka. Dalili kuwa shi ne wani dattijo ɗan shekara 80 da ya yi kwana biyar a cikin jirgin, ya sauka a Hong Kong ranar 25 ga Janairu, gwaji ya tabbatar ranar 1 ga Fabrairu cewa yana ɗauke da cutar korona. Daga ƙarshe an samu cutar a jikin mutum 712 daga cikin waɗanda ke jirgin, aƙalla 13 suka rasu. Akwai kwanakin da, idan aka cire China, babu ƙasar da ta kai wannan jirgi guda yawan masu cutar.

Irin wannan jirgi ya bambanta da jiragen dakon kaya da ake gani a tashar Kwatano ko Duwala, waɗanda ma'aikatansu ba su cika wuce mutum ashirin ko talatin ba. Wannan otal ne a kan ruwa. Tsawon Diamond Princess mita 290 ne, da benaye hawa-hawa, da ɗakunan cin abinci, da gidan kallo, da wuraren ninkaya. Mutane kan yi mako ɗaya ko biyu a ciki, suna ɗiban abinci da cokali ɗaya daga manyan farantai, suna taɓa ƙarfen matakala ɗaya, suna cunkusuwa a na'urar hawa bene. Kusan kowace safiya jirgin ya tsaya a wani sabon gari, a sauka a shiga kasuwa, da yamma a dawo. Galibin masu kuɗin irin wannan tafiya kuma tsofaffi ne da suka yi ritaya. A Diamond Princess rabin fasinjojin sun kai shekara 69 ko sun haura, kuma irin waɗannan ne korona ta fi kayarwa.

Tsare jirgi a bakin teku saboda annoba tsohuwar dabara ce. Kalmar Faransanci “quarantaine” ta samo asali ne daga kwana arba'in da birnin Venis na Italiya ke tsare jiragen da ake zargi da ɗauko annoba, ɗaruruwan shekaru da suka wuce. A yau dokokin lafiya na ƙasa da ƙasa na 2005, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya OMS ke kula da su, sun tanadi cewa kyaftin ya miƙa wa hukumomin tasha takardar bayanin lafiyar mutanen da ya ɗauko, jirgin kuma ya riƙe takardar shaidar tsafta da ake sabuntawa duk wata shida. Sai dai tsohuwar dabarar an ƙirƙiro ta ne don a kare mutanen gari daga na cikin jirgi. Ba a yi ta don a kare na cikin jirgin daga junansu ba, kuma a nan ne aka samu matsala a Yokohama.

Waɗanda ba a killace ba

Ranar 5 ga Fabrairu aka tabbatar da mutum goma na farko, aka umarci kowane fasinja ya zauna a ɗakinsa har kwana 14. An raba musu ƙyallen rufe baki da hanci da ma'aunin zafin jiki, aka ce duk wanda zafinsa ya kai digiri 37.5 ya sanar. Waɗanda ɗakunansu ba su da taga ana fito da su shan iska rukuni-rukuni na ɗan lokaci. Wanda gwaji ya nuna yana da cutar a sauke shi a kai shi asibiti.

To amma mutum 2,666 da ke kulle a ɗaki sai an kai musu abinci sau uku a rana. Sai an kwashe shara, an kai tawul, an kai wa masu ciwon suga da hawan jini magungunansu, waɗanda tun a makon farko suka fara ƙarewa. Ma'aikata ne ke wannan zirga-zirga, yawancinsu ƴan ƙasashen Filifin da Indiya da Indonisiya. Su ba a killace su ba, domin idan aka killace su jirgin ya tsaya cik. Suna kwana a benayen ƙasa, mutum biyu ko fiye a ƙaramin ɗaki, banɗaki ɗaya, suna cin abinci tare a zaure ɗaya. Wani bincike da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka CDC ta wallafa ya duba ma'aikata 20 na farko da aka samu da cutar, ya gano 15 daga cikinsu masu aikin abinci ne, kuma mafi yawansu a bene ɗaya suke kwana. Alƙaluman cibiyar binciken cututtuka ta Japan sun nuna cewa sabbin kamuwa a tsakanin fasinjoji sun fara raguwa ƴan kwanaki bayan an kulle ɗakuna, amma a tsakanin ma'aikata sai daga baya abin ya yi ƙamari.

Ranar 18 ga Fabrairu wani likitan cututtuka masu yaɗuwa daga jami'ar Kobe, Kentaro Iwata, ya shiga jirgin na ƴan sa'o'i, ya fito ya saka bidiyo a YouTube wanda ya tayar da ƙura. Babban ƙorafinsa shi ne ba a raba jirgin gida biyu yadda ya kamata ba. A duk inda ake jinyar annoba, ƙa'ida ita ce a ware shiyyar da ake zaton akwai ƙwayar cuta, a ware shiyyar da take da tsabta, a sa iyaka a tsakani. Ba a shiga ta farko sai da cikakken kayan kariya, kuma a bakin iyakar ake tuɓe su. Idan mutum ya fito da safar hannun da ya taɓa majinyaci ya ɗauki wayarsa ko ya ci abinci, iyakar ta rushe. Likitan, wanda ya taɓa aiki a Afirka lokacin Ebola, ya ce a cikin jirgin bai iya gane inda iyakar take ba. Gwamnatin Japan ta musanta, shi ma ya cire bidiyon bayan kwana biyu, amma an samu jami'an gwamnati da suka yi aiki a jirgin sun kamu.

A yi wa Japan adalci: babu ƙasar da a watan Fabrairun 2020 take da wurin ajiye mutum kusan dubu huɗu, kowa a ɗakinsa, cikin dare ɗaya, kuma kayan gwaji sun yi ƙaranci a ko'ina. Killacewar ma ba a banza ta tafi ba. Masu bincike a jami'ar Umeya ta ƙasar Suwidin sun yi lissafin cewa da an bar jirgin haka nan ba a ɗauki mataki ba, da kusan kashi 79 cikin ɗari na mutanen sun kamu kafin 19 ga Fabrairu. Amma lissafin nasu ya kuma nuna cewa da an sauke kowa tun ranar 3 ga wata aka killace su a tudu, da waɗanda za su kamu ba su kai ɗari ba. Kyaftin ɗin jirgin, Gennaro Arma, shi ne ya sauka a ƙarshe, ranar 1 ga Maris.

Abubuwa biyu jirgin ya koya wa likitocin duniya tun kafin OMS ta ayyana korona a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris. Na farko, kusan rabin waɗanda aka samu da cutar ba su da wata alama a lokacin gwaji, babu zazzaɓi babu tari. Ke nan na'urar auna zafi da ake ɗora wa mutane a goshi a bakin ƙofa ba ta tare komai daga irin waɗannan. Na biyu ya shafi hanyar yaɗuwa. An yi ta yaɗa labarin cewa an ga burbushin ƙwayar cutar a ɗakunan jirgin kwana 17 bayan masu su sun fita, kafin a yi feshi. Gaskiya ne, amma burbushi aka gani, wanda ba lallai yana iya sa wa mutum cuta ba. Wani nazari da masana a jami'ar Harvard suka fitar a 2021 ya ƙiyasta cewa fiye da rabin kamuwar da aka yi a jirgin ta iska ce, ta ƙananan ɗigon numfashi da ke daɗewa suna shawagi a rufaffen wuri. An kashe ƙarfi wajen goge ƙofofi, alhali iskar da ake shaƙa ce ta fi buƙatar kulawa.

A sauke, ko a kora?

Wata guda bayan haka Ostareliya ta yi kuskuren da yake kishiyar na Japan. Ranar 19 ga Maris jirgin Ruby Princess ya tsaya a Sydney, aka bar fasinjoji kusan 2,700 suka sauka suka watse, wasu a jirgin ƙasa wasu a jirgin sama, alhali ana jiran sakamakon gwajin wasu marasa lafiya daga cikinsu. Washegari sakamako ya fito da korona. An alaƙanta ɗaruruwan kamuwa da mutuwar mutum 28 da wannan jirgi, kuma kwamitin binciken da aka kafa ya ce hukumomin lafiyar jihar sun tafka manyan kurakurai.

Wasu ƙasashen kuma korar jirage suka shiga yi. Jirgin Zaandam ya yi ta gararamba a gaɓar Kudancin Amurka, tasha bayan tasha ana hana shi tsayawa, mutum huɗu suka mutu a ciki kafin a bar shi ya ratsa mashigin Panama ya sauka a jihar Florida ranar 2 ga Afrilu. Dokokin 2005 sun ce bai kamata a hana jirgi tsayawa a tasha saboda dalilin lafiya kawai ba, amma tsoro ya fi doka ƙarfi a wannan watan.

Ranar 14 ga Maris 2020 CDC ta haramta wa irin waɗannan jirage tashi daga Amurka, harkar ta tsaya kusan a duk duniya. Fasinjoji sun koma gida cikin makonni. Dubban ma'aikata kuwa sun yi watanni a kan ruwa, saboda ƙasashensu sun rufe iyaka ko kuma an rasa wanda zai biya kuɗin mayar da su.

Da aka dawo aiki, an gina sabbin matakan ne a kan waɗannan kurakurai. Jirgin MSC Grandiosa, wanda ya tashi daga Genoa ta Italiya ranar 16 ga Agusta 2020, ya gwada kowa kafin shiga, ya rage yawan fasinjoji, ya hana kowa yawo shi kaɗai idan an sauka a gari. Wasu iyali da suka ɓalle daga ayari a birnin Naples an hana su komawa jirgin. Kamfanoni suka daina barin mutane su ɗebi abinci da kansu, suka sa matatun iska masu ƙarfi tare da ƙara shigo da iskar waje, suka ware ɗakunan killacewa da babu kowa a ciki tun kafin a tashi, suka ajiye na'urar gwajin PCR a asibitin jirgi. A wancan lokacin, sabon ma'aikaci sai ya yi kwanakin killacewa kafin ya fara aiki. A ganina matakin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne wanda fasinja ba ya gani: hukumomin Amurka sun wajabta wa kamfani ya ƙulla yarjejeniya tun kafin tafiya da tashoshi da asibitoci da masaukai a tudu, domin a san inda za a kai majinyaci da inda za a ajiye waɗanda suka yi hulɗa da shi.

Allurar rigakafi ta sauya lissafin a 2021, lokacin da yawancin kamfanoni suka sa ta zama sharaɗin shiga jirgi. Ta rage kwanciya asibiti da mutuwa ƙwarai, amma ba ta hana kamuwa ba. Da nau'in Omicron ya ɓulla, CDC ta shawarci jama'a ranar 30 ga Disamba 2021 da su ƙaurace wa waɗannan jirage ko da sun yi allura. A watan Yulin 2022 ta rufe shirinta na sa ido kan korona a jirage, OMS kuma ta janye dokar ta-ɓaci ranar 5 ga Mayu 2023.

Cutar da ta riga korona damun waɗannan jirage tana nan har yanzu, wato norobairos mai sa amai da gudawa. Saboda irin waɗannan cututtukan ciki ne Amurka ta kafa shirin duba tsaftar jirage tun 1975, kuma ana ɗaukar abin a matsayin ɓarkewa idan kashi 3 cikin ɗari na fasinjoji ko ma'aikata suka kamu. Maganinta ya bambanta da na korona. Ta hannu da abinci da banɗaki take bi, man goge hannu mai alkol ba ya kashe ta sosai, sai wanke hannu da ruwa da sabulu da goge wurare da ruwan jabel. Wanda ya kamu ana so ya zauna a ɗakinsa, mai aikin abinci kuma ba ya komawa kicin sai ya yi kwana biyu babu alama.

Masu karatunmu da ke Sudan, waɗanda kan tsallaka Bahar Maliya daga Sawakin zuwa Jidda don umara ko aikin hajji, ba jirgin shaƙatawa suke hawa ba, kuma tafiyar ba ta kai ta mako biyu ba. Amma cunkoso a rufaffen zaure da banɗakin haɗaka da yawan tsofaffi duk iri ɗaya ne. Idan ana fama da cutar numfashi, zama a saman jirgi inda iska ke kaɗawa ya fi zama a zauren ƙasa, mai tari ya rufe baki da hanci ya kuma sanar da ma'aikata da wuri, mai ciwon suga ko hawan jini kuma ya riƙe maganin da zai kai shi mako biyu fiye da kwanakin tafiyarsa, a jakar hannu, ba a cikin kayan da aka loda ba.