Amanar Kansila A Ma'aunin Shari'a: Darasi Daga Unguwar Somaliyawa A Amurka

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗora wa ɗan Adam amana, kuma Ya yi alkawarin tambayarsa a kanta. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, mutane da yawa suna raina kujerar kansila, suna ganin ita ce ƙaramar kujera a cikin sha'anin mulki, saboda haka ba su damu da wanda ya hau ta ba, ba su kuma tambayarsa abin da ya aikata a kanta. Alhali kuwa babu wani mai riƙe da muƙami da ya fi kansila kusa da talaka. Shi ne ya san lungun da ruwa yake kwanciya da damina, da kasuwar da ta yi wa mutane kaɗan, da samarin da suke wuni a bakin titi babu sana'a. Allah Ya yi umarni a cikin Suratun Nisa'i, aya ta 58, da a mayar da amanoni ga masu su, a kuma yi hukunci da adalci tsakanin mutane, kuma malaman tafsiri sun bayyana cewa umarnin ya game duk wanda aka ba shi riƙon wani al'amari na jama'a, babba ko ƙarami. A wannan mako za mu kawo misalin wani kansila Musulmi a ƙasar Amurka, mu ɗora aikinsa a kan ma'aunin Shari'a, domin mu ga abin da za mu ƙaru da shi.

Unguwar da mutanenta

A birnin Miniyapolis na Jihar Minisota akwai wata unguwa da ake kira Cedar-Riverside. Tun bayan da yaƙin basasa ya rushe gwamnatin Somaliya a shekarar 1991, 'yan gudun hijira suka yi ta kwarara can, har unguwar ta zama cibiyar Somaliyawan Amurka, ana yi mata laƙabi da Ƙaramar Mogadishu. A tsakiyarta akwai wasu dogayen benaye guda shida da ake kira Riverside Plaza, waɗanda aka kammala a 1973, masu ɗauke da gidajen haya kimanin 1,300. Akwai kuma masallacin Darul Hijra, wanda aka kafa a 1998.

Mutanen nan sun tsira da rayukansu da addininsu, amma suka tarar da wata jarrabawa. Iyaye ba su jin harshen ƙasar, rashin aikin yi ya yi wa samari katutu fiye da yawancin sassan birnin, kuma majalisar birni mai kujeru 13 ba ta da ko mutum ɗaya daga cikinsu. Zaman banza kuwa ƙofa ce da Shaiɗan yake shiga ta cikinta. Daga shekarar 2007 samari fiye da ashirin daga wannan jiha suka sulale zuwa Somaliya suka shiga ƙungiyar Al-Shabab, sa'an nan a 2016 kotu ta yanke wa wasu tara hukunci saboda yunƙurin tafiya wurin ƙungiyar Da'ish. Da yawa daga cikinsu 'ya'yan iyayen da suka ƙetare teku ne domin su tsere wa yaƙi.

Yadda aka sami kujerar

Abdi Warsame an haife shi a Mogadishu a 1978, ya tashi a Ingila, ya yi karatun harkar kasuwanci a can, kana ya koma Miniyapolis a 2006. Kafin ya nemi kowace kujera sai da ya yi aiki yana shugaban ma'aikatan ƙungiyar 'yan hayar benayen Riverside Plaza, watau yana sauraron kukan mutane game da haya da gyaran gida da takardun da ba su iya karantawa. Bayan ƙidayar jama'a ta 2010, da aka zo sake shata iyakokin mazaɓun birnin, sai ya shiga gaba wajen neman a tattara unguwannin mutanen Gabashin Afirka a mazaɓa guda, domin a da an rarraba su ta yadda ƙuri'arsu ba ta da nauyi a ko'ina. Aka amsa, aka sake fasalin mazaɓa ta shida. A watan Nuwamba na 2013 ya kayar da kansilan da ke kan kujerar, ya zama Basomale na farko a majalisar birnin.

A nan wani zai iya tambaya: shin ya halatta Musulmi ya nemi muƙami a ƙarƙashin hukumar da ba ta Musulunci ba? Malamai masu yawa na wannan zamani sun halatta, idan nufin shi ne jawo maslaha da tunkuɗe ɓarna. Suna kafa hujja da Annabi Yusufu, aminci ya tabbata a gare shi, wanda ya nemi Sarkin Masar ya ɗora shi a kan taskokin ƙasa, ya ambaci tsare amana da sanin aiki a matsayin dalilinsa, kamar yadda ya zo a Suratu Yusuf, aya ta 55. Suna kuma kafa hujja da Hilful Fuduli, yarjejeniyar da Ƙuraishawa suka ƙulla kafin Annabci domin taimakon wanda aka zalunta, wadda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya halarta, ya kuma yabe ta bayan zuwan Musulunci. To, sharuɗɗan nan biyu da Annabi Yusufu ya ambata, watau amana da sanin aiki, su ne ma'aunin kowane kansila a kowace ƙasa.

Zuba jari a unguwa

Babban abin da aka san kansilan nan da shi shi ne cibiyar neman aiki da koyon sana'a ta Cedar-Riverside, wadda aka buɗe a 2017. Majalisar birni ba ta iya ɗaukar nauyinta ita kaɗai, saboda haka sai ya yi ta zirga-zirga har ya haɗa kan hukumar birni, da hukumar gundumar Hennepin, da wata kwalejin fasaha, da ɗakin karatu na gunduma, da wata ƙungiyar taimakon masu neman aiki. Aka kafa ta a cikin unguwar, inda saurayi zai taka da ƙafa ya je, a koya masa yadda ake rubuta takardar neman aiki, a nuna masa kwas ɗin da ya dace da shi, a sada shi da masu ɗaukar ma'aikata fuska da fuska.

Wannan hanya tana da asali a Sunna. Abu Dawuda ya ruwaito labarin wani mutumin Madina da ya zo yana roƙo, sai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, ya tambaye shi abin da yake da shi a gida. Ya kawo wani mayafi da ƙwarya, aka sayar da su dirhami biyu. Ya umarce shi ya sayi abinci da ɗaya, ya sayi ruwan gatari da ɗayan, kuma Annabi da hannunsa mai albarka ya sa masa ƙota, ya ce ya tafi ya yi itace ya sayar, kada ya dawo sai bayan kwana goma sha biyar. Ya dawo da dirhami goma. Ku duba fa, ya 'yan'uwa, shugaban al'umma ne da kansa ya zauna yana sa ƙotar gatari domin mutum ɗaya ya fita daga ƙasƙancin bara. Kansilan da yake raba 'yan kuɗi a ƙofar gidansa da safe ya ciyar da mutane yini guda, gobe kuma za su dawo. Wanda ya buɗe musu ƙofar sana'a shi ne ya bi wannan Sunna.

Haka kuma a 2018 aka buɗe wata hanyar masu tafiya da ƙafa da masu keke wadda ta haɗa unguwar da tsakiyar birni, domin manyan titunan mota sun daɗe da yanke ta daga wuraren da ayyuka suke. Aka sa mata sunan Hussein Samatar, Basomalen da aka zaɓa a hukumar makarantun birnin a 2010, ya rasu a 2013. Gyaran hanya ba sabon abu ba ne a wurin malamanmu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya lissafa kula da masu sana'a da gyaran kasuwanni da hanyoyi a cikin ayyukan da suka hau kan shugaba.

Inda shawara ta yi ƙaranci

Ba mu kawo labarin nan domin mu wanke kowa ba, domin ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. A 2019 kansilan da Magajin Garin birnin suka ba da sanarwar shirin gina wata babbar kasuwa ta 'yan Afirka a wani filin ajiye motoci na unguwar. Niyyar ita ce a sama wa ƙananan 'yan kasuwa, musamman mata, wuri mai kyau. Amma wani sashe na mutanen unguwar suka tashi suka ce ba a shawarce su yadda ya kamata ba, wasu suna tsoron rasa wurin ajiye motoci, wasu kuma suna ganin wurin tarbiyyar matasa ya fi kasuwa gaggawa. Har ya bar majalisar a 2020 ba a aza harsashin kasuwar ba.

Darasin a fili yake. Allah Ya umarci Annabinsa, wanda wahayi yake saukar masa, da ya shawarci sahabbansa a cikin al'amari, kamar yadda ya zo a Suratu Ali Imrana, aya ta 159. Idan haka ne ga ma'asumi, to ina ga kansila? Kyakkyawar niyya ba ta ɗauke wajibcin shawara, kuma shawarar da aka yi bayan an gama yanke magana sanarwa ce kurum. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'ida cewa duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa a rataye yake da maslaharsu, maslahar mutane kuwa ba a saninta sai an zauna da su, tsofaffi da matasa, maza da mata, mai kunya da mai baki. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito cewa wani sahabi ya faɗa wa Mu'awiya gargaɗin da Annabi ya yi, cewa wanda aka jiɓinta masa al'amarin Musulmi ya shamake kansa daga buƙatunsu, Allah zai shamake shi daga tasa buƙatar ranar alƙiyama. Nan take Mu'awiya ya naɗa mutum na musamman domin karɓar koke-koken jama'a.

Rai da kiran salla

A ƙarshen watan Nuwamba na 2019 gobara ta tashi a wani dogon bene na hukumar gidajen talakawa a cikin unguwar, mutum biyar suka rasa rayukansu. Bincike ya nuna benen tsohon gini ne, gidajen cikinsa ba su da bututun nan da yake fesa ruwa da kansa idan wuta ta kama. A 2020 aka naɗa Abdi Warsame shugaban wannan hukuma, kuma a cikin shekarun da suka biyo baya aka kammala sanya irin wannan bututu a dogayen benayenta 42. Tsare rai yana cikin abubuwa biyar da malaman usulu suka ce Shari'a ta zo domin kiyaye su, tare da addini da hankali da zuriya da dukiya. Saboda haka kuɗin da aka kashe a kan bututun ruwa, idan niyya ta gyaru, ibada ce.

Wanda ya gaje shi a kujerar mazaɓa ta shida, Jamal Osman, shi ma Basomale ne. A watan Ramalan na 2020 aka fara jin kiran salla ta lasifika daga masallacin Darul Hijra. A watan Afrilu na 2023, a cikin Ramalan, majalisar birnin ta gyara dokar hana hayaniya ba tare da ko mutum ɗaya ya ƙi ba, aka ba masallatai damar ɗaga kiran salloli biyar duk shekara, har da Asuba da Lisha. A lokacin Musulmi uku ne kaɗai a cikin kansiloli 13, kuma shugabannin Kirista da na Yahudawa sun zo sun goyi bayan gyaran. Wannan amfanin kyakkyawar maƙwabtaka ne, wadda Allah Ya yi wasiyya da ita a Suratun Nisa'i, aya ta 36, ga maƙwabci na kusa da na nesa.

Kira ga namu

Mu a Nijeriya, mun daɗe muna da kansiloli, kuma yau ƙananan hukumomi 774 ne, kowace da mazaɓunta. Idan 'yan gudun hijira a baƙuwar ƙasa, waɗanda su ne marasa rinjaye, sun iya amfani da wannan kujera suka samar da cibiyar sana'a da hanya da 'yancin kiran salla, to wane uzuri ke gare mu a garuruwan da kansila da masu zaɓensa suke haɗuwa a sahu ɗaya sau biyar a yini?

Muna kira ga kansila ya ji tsoron Allah, ya buɗe ƙofarsa, ya zauna da masu unguwanni da limamai da 'yan kasuwa da matasa kafin ya yanke abin da za a yi, sa'an nan ya dawo ya gaya musu abin da aka kashe da inda aka kashe shi. Muna kira ga jama'a su daina sayar da ƙuri'arsu da sabulu ko taliya, domin ƙuri'a shaida ce, shaidar zur kuwa tana cikin manyan zunubai. Muna kuma kira ga 'yan'uwanmu malamai su riƙa yi wa masu riƙe da waɗannan kujeru nasiha cikin hikima, su yabe su idan sun kyautata, su tunatar da su idan sun gafala.

Allah Ya shiryi shugabanninmu manya da ƙanana, Ya ba su mashawarta na gari, Ya ba mu ikon sauke amanar da ke wuyanmu. Allah Shi ne Mafi sani. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.