Yadda Nahawu Ke Shiga Hukuncin Fiƙihu

Malaman usulul fiƙihi sun sa sanin Larabci cikin sharuɗɗan ijtihadi, domin Alƙur'ani da hadisi da Larabci suka zo, kuma harafi guda kan sauya hukunci. Ayar alwala, ta 6 a Suratul Ma'ida, ta isa misali.

A wajen shafar kai akwai harafin ba'un. Malikawa, waɗanda mazhabarsu muke bi a ƙasar Hausa, sun ce bai rage komai daga kan ba, don haka dukkansa za a shafa. Shafi'awa sun fahimci yana nufin sashe, ko kaɗan aka shafa ya wadatar. Hanafawa suka tsaya a rubu'in kai. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya nuna a Bidayatul Mujtahid cewa tushen saɓanin shi ne ma'anar harafin nan.

Maganar ƙafafu ta fi zurfi. A ƙira'arsu, Nafi'u da Hafsu sun karanta kalmar ƙafafun da fataha, wato an haɗa ta da fuska da hannaye, sai a wanke. Ibn Kasir da Hamza sun karanta da kasra, wato an haɗa ta da kai. 'Yan Shi'a Imamiyya suka riƙi shafa, jumhurun Ahlus Sunna kuwa suka tsaya kan wanki bisa aikin Annabi (SAW), wasunsu suka ɗora kasrar a kan shafar huffi.

Shi ya sa abin ke damuna idan na ga ɗalibi yana gaggawar ba da fatawa alhali bai sauke littafin nahawu na Ajuruma ba a gaban malami, balle Alfiyyar Ibn Malik.