Ko Ka San Ƙaramin Tankin Kifin Teku Ya Fi Babba Wuyar Riƙo?

Mai sha'awar kiwon kifin teku a tankin gilashi, irin kifin nan mai launin lemo da ratsin fari da fim ɗin Finding Nemo ya sanar wa duniya a 2003, yakan ce bari ya fara da ɗan ƙaramin tanki kafin hannunsa ya faɗa. Tunanin na da ma'ana, amma a wannan harka ƙaramin ne ya fi saurin kashe kifi, kuma dalilin yana cikin ruwan. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35. Kifin teku kuwa gishirin jininsa bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wannan ba, don haka kullum ruwan jikinsa zurarewa yake yi, shi ya sa yake shan ruwan gishirin ba fasawa, yana fitar da gishirin ta sassan numfashinsa. Jikinsa ya saba da tekun da ba ya sauyawa yau da gobe, kuma duk sauyin gaggawa wahala ce a gare shi.

To, ruwa yana tashi ya bi iska, gishiri kuwa yana nan daram. Tanki mai lita 40 yana riƙe da gishiri giram 1,400. Idan lita 2 ta ƙafe, kowace lita ta koma ɗauke da kusan giram 37. Asarar lita 2 a tanki mai lita 400 da ƙyar ma a lura da ita. Shi ya sa ake cike gurbin da tsabtataccen ruwa marar gishiri, abin da sabon shiga kan yi kuskurensa, ya ƙara ruwan gishiri a kan gishiri. Haka batun zafi yake. Kifayen nan suna son ma'aunin zafi ya tsaya wajen digiri 24 zuwa 26, ruwa kaɗan kuwa kamar shayi a kofi ne, nan da nan yake ɗaukar yanayin ɗaki. Inda ake yawan ɗauke wuta ko ake fama da zafin bazara, wannan kaɗai ya isa a sake tunani.

Abin da ya fi komai muhimmanci ido ba ya ganinsa. Kashin kifi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, guba ce. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a ramukan duwatsu da yashi ne ke mayar da ita naitarait, wasu kuma su mayar da naitarait ɗin zuwa naitiret mai sauƙin illa, wanda ake ragewa ta sauya kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako. Kafin ƙwayoyin su yawaita ana ɗaukar mako 4 zuwa 6, tankin yana aiki babu kifi ko ɗaya. Wanda ya kasa wannan haƙuri, ƙaramin tanki ba ya yi masa uzuri, domin babu yalwar ruwan da za ta tsarma gubar.

Za a ce babban tanki sai mai kuɗi. Gaskiya ne, kuma akwai masu riƙe ƙanana shekara da shekaru lafiya lau. Sai dai abin da suka rage a kuɗi suna biyansa da kulawa: auna gishiri a kai a kai, gishirin da aka haɗa musamman mai kalsiyam da magnisiyam, ba na miya ba, da kifi biyu kacal. Mai farawa ya ɗauki mafi girman tankin da aljihunsa zai iya. Ya kuma nemi kifin da aka ƙyanƙyashe a gona, domin ya fi jure zaman tanki, kuma a wasu sassan Filifin da Indunusiya an daɗe ana kama na teku da gubar sayanayid, wadda ke lalata murjanin da kifin ke rayuwa a cikinsa.