Me Ke Sa Wi-Fi na Gida Yin Nauyi?

Ɗalibin da ke neman cike takardar rajista kafin a rufe shafi, da ɗan kasuwar da ke jiran shigowar kuɗi, duk sun san takaicin intanet mai tafiyar hawainiya. Galibi akan ɗora wa kamfanin sadarwa laifi, alhali sau da yawa cutar tana cikin gida. Likitan ƙwarai ba ya ba da magani sai ya gano inda ciwo yake. Haka ya kamata mai karatu ya yi da na'urarsa.

Da farko dai, hanyoyi biyu ne ke kawo saƙo cikin wayar mutum. Ta farko ita ce wadda ta taso daga kamfani zuwa rauta, wato na'urar da ke rarraba intanet a gida. Ta biyu kuwa ita ce daga rauta zuwa waya ko kwamfuta, kuma wannan ce kaɗai ake kira Wi-Fi. Don a bambance su, sai mutum ya tsaya dab da rauta ya buɗe wani shafi, sa'an nan ya koma ƙuryar ɗaki ya sake buɗe shi. In ya yi sauri a kusa amma ya yi nauyi a nesa, matsalar ta gida ce. In kuwa duk ɗaya ne, to mai yiwuwa daga waje take, kamar yadda ya faru a watan Maris na 2024, lokacin da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, sadarwa ta taɓarɓare a Nijeriya da Ghana da maƙwabtansu.

Shi Wi-Fi igiyar rediyo ce, 'yar'uwar wadda ke kawo mana labarai a kan mita 25 ko 31 a gajeren zango. Bambancin shi ne tsawonta kimanin santimita 12 ne kawai a zangon gigahaz 2.4, ko kimanin santimita 6 a zangon gigahaz 5. An kafa ƙa'idojinsa na farko a shekarar 1997. Ƙarfin igiyar yana raguwa da nisa: a fili, in aka ninka tazara, kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ke saura.

Bayan nisa sai shinge. Ƙarfe yana mayar da igiyar baya kamar yadda madubi ke mayar da haske, don haka ƙofar ƙarfe da firji da kwanon rufi da rodin da ke cikin kankare duk abokan gaba ne. Bango mai kauri, na bulo ko na laka, yana rage mata ƙarfi. Ruwa kuwa tsotse ta yake yi. A nan ilmin halittu yana da abin cewa, domin kimanin kashi 60 cikin 100 na jikin baligi ruwa ne. Ke nan falon da ya cika da baƙi shinge ne, haka ma tankin ruwa ko itaciya mai duhun ganye a tsakar gida. Maganin wannan shi ne a ɗora rauta a wuri mai bisa a tsakiyar gida, kada a ɓoye ta a kabad ko bayan talabijin. Wadda ke aiki da layin waya kuwa tana son kusa da taga, don ta riƙa jin hasumiyar kamfani da kyau.

Sai kuma cunkoso. Zangon gigahaz 2.4 tamkar kasuwa ne ranar cinta: rautocin maƙwabta da Bluetooth da murhun ɗumama abinci na lantarki duk a nan suke hayaniya. Tashoshi uku ne a cikinsa, 1 da 6 da 11, waɗanda ba sa hawa kan juna, saboda haka sai a zaɓi ɗaya daga ciki. Zangon gigahaz 5 ya fi sauri da sarari, sai dai bai kai na farkon ratsa bango ba. Abin lura kuma shi ne, duk na'urorin gida karɓa-karɓa suke yi wajen magana da rauta. Yaro ɗaya mai kallon fim yana iya takura wa kowa, balle in lambar sirri ta zaga unguwa.

A ƙarshe, ita ma rauta ƙaramar kwamfuta ce. Zafin bazara yana gajiyar da ita, wutar lantarki mai hawa da sauka tana rikita ta. A ba ta iska, a nisanta ta da rana, in ta cije a kashe ta na ɗan lokaci a sake kunnawa.

Saboda haka, kafin mai karatu ya sayi sabuwar na'ura ko ya sauya kamfani, ya bi waɗannan matakai ɗaya bayan ɗaya, yana gwadawa bayan kowane sauyi. Wanda ya sauya abu biyar a lokaci guda ba zai taɓa sanin wanne ne ya yi magani ba.